Martin ko Gibson: wace gita za ta jure hunturun ƙasarmu?

In aka ce ma ɗan kasuwar Maraɗi akwai gita ta katako zalla, wadda ba ta cin lantarki, amma kuɗinta ya kai miliyan biyu na sefa, abin da zai fara tambaya shi ne ko da zinariya aka yi mata tsirkiya. Ma'aikacin gwamnati kuwa alƙalami zai ɗauka ya yi lissafi: tun watan Janairu na 2024 albashi mafi ƙanƙanta a Nijar jika 42 ne a wata, ke nan sai mutum ya yi kusan shekara huɗu yana aiki, bai ci ba bai sha ba, kafin ya haɗa kuɗin wannan akwati mai igiya shida. Duk da haka akwai irin wannan gita, akwai kuma masu sayenta. Yau da samarin ƙasarmu ke zagaya Turai da Amurka da gita a kafaɗa, ba abin mamaki ba ne a ba alhajin da zai tafi Faris ko Niyok saƙo, a ce ya taho da guda, ko ɗan gida da ya kama kiɗa gadan-gadan ya matsa ma mahaifinsa lamba. Wanda ya shiga babban kantin kayan kiɗa ya ce a nuna masa ta ƙwarai, da wuya a rasa ɗauko masa biyun nan: Martin D-28 da Gibson J-45. Dukansu a Amurka ake ƙera su, kuɗinsu na kusa da juna, wajen dalar Amurka dubu uku ko ya ɗara, kuma sama da shekara tamanin ke nan makaɗa na gardama a kansu ba a gama ba.

Gidan Martin shi ne babba a shekaru. Wani Bajamushe mai suna Christian Frederick Martin ya kafa shi a Niyok cikin 1833, bayan ƴan shekaru ya ƙaura zuwa wani ƙaramin gari da ake kira Nazarat a jihar Pensilbaniya, inda masana'antar take har yau, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da gidan. A farkon ƙarni na ashirin gita ƙaramar aba ce, mai siririn ƙugu, ta zaman ɗaki. A 1916 Martin ya ƙera ma wani kantin kiɗa wata irin gita mai faɗin ƙirji da zurfin ciki, aka sa mata sunan wani ƙaton jirgin ruwan yaƙi na Ingila, Dreadnought, wanda aka sa a teku a 1906. Harafin D da ke cikin sunanta daga nan ya fito. D-28 ta fara fita da sunan Martin a 1931. Tun daga lokacin, kusan duk wata gita mai faɗin ciki da ake gani a kasuwa, har ƴar araha da ke rataye a shagon kaset, siffarta aka kwaikwaya.

Gibson, wanda aka kafa a 1902 a garin Kalamazu na jihar Mishigan, ya fi suna da farko wajen wasu kayan kiɗan daban. J-45 ta fito a 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, maza sun tafi fagen fama, mafi yawan hannuwan da suka harhaɗa na farkon hannuwan mata ne. Sunan ba shi da wani asiri: J na nufin babba, 45 kuwa farashinta ne a lokacin, dala arba'in da biyar. Ba a yi mata ado ba. An shafa mata launi mai duhu a gefe, mai haske a tsakiya kamar hantsi, wanda ke iya rufe ƴan tabon katako a zamanin da katako mai kyau ya yi wuya. Makaɗa suka yi mata laƙabi da dokin aiki, abin da mu za mu kira jakin gida, mai ɗaukar kaya ba ƙorafi. Tun 1989 a garin Bozman na jihar Montana ake ƙera ta. Kamfanin ya taɓa durƙushewa da bashi a 2018, ya sake miƙewa cikin shekarar da sababbin masu hannun jari.

Sha'anin itace

Wanda ya ɗauki biyun nan ya jujjuya zai ga fuskarsu, wato allon gaba da tsirkiyoyi ke bi ta kansa, daga itace iri ɗaya aka yanko: wani dogon itacen ƙasashen sanyi da ke fitowa a gaɓar tekun Alaska da Kanada, marar nauyi, mai tsauri. Kaurin allon bai kai milimita uku ba. Daga ciki an tokare shi da ƴan sanduna da aka gicciye, tamkar yadda magini ke jera azara a rufin soro, domin tsirkiyoyi shida in an ɗaure su suna jan allon da ƙarfin da ya kai kilo saba'in zuwa tamanin, dare da rana. Wannan allo shi ne maƙogwaron gita. Shi ke karkarwa ya tura iska, sauran jiki taimako yake yi.

Inda suka rabu shi ne baya da haƙarƙari. Na D-28 da wani itace mai duhu da nauyi ake yi, wanda Turawa ke kira palisandar. Da can daga Barazil ake kawo shi, amma tun 1969 Martin ya koma ga na Indiya. Na J-45 kuwa da akaju ake yi, ja-ja, mai sauƙin nauyi. Sunayen baƙi ne a kunnenmu, alhali danginsu na tsaye a ƙofar gidajenmu. Akaju ɗan'uwan maɗaci ne, wannan da ke yi ma titunan Yamai inuwa, wanda kakanninmu ke jiƙa ɓawonsa don ciwon ciki. Palisandar gidansu ɗaya da madobiya, shi ya sa a kasuwar katako ta duniya ake sayar da madobiya da sunan palisandar na Afirka. Baƙin katakon da aka shimfiɗa bisa wuyan D-28, inda yatsu ke dannawa, jinsinsu ɗaya da kanya. Duk kafintan da ya taɓa sassaƙa maɗaci da madobiya ya san bambancin da ake nufi: ƙwanƙwasa madobiya busasshe, za ka ji ya yi ƙara mai tsawo kamar ƙarfe, ƙwanƙwasa maɗaci, zai amsa maka a taƙaice ya yi shiru.

Haka muryar gitocin take. D-28 tana da gindin murya mai zurfi da saman murya mai ƙyalli, kuma in ka kaɗa tsirkiya guda, sai amo ya daɗe yana yawo, ƴan uwanta na taya ta. Ƙarfinta ne ya sa masu kiɗan ƙauye na Amurka suka rungume ta, domin a cikin taronsu akwai goge irin na Turawa da banjo, kuma gitar da ba ta da ƙarfi nutsewa take yi. Banjo ɗin nan ma, in an bi salsala, jikan su gurmi da molo ne, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma suka tafi da iliminsa. Hank Williams da Elvis Presley sun riƙe D-28, haka ma John Lennon da Paul McCartney lokacin da suka tafi Indiya a 1968. J-45 ba ta cika ɗaki kamar haka. Muryarta a tsakiya take, busasshiya, kowane sauti ya fito ya gama ya ba na bayansa wuri. Shi ya sa mawaƙan da ke zama su kaɗai da gita suka fi son ta, irin su Donovan, wanda a can Indiyar ya koya ma Lennon kiɗa da yatsu.

Akwai wani bambanci da ido ba ya gani sai hannu. Tsawon tsirkiya daga kan wuya zuwa jaki a D-28 santimita 64 da rabi ne, a J-45 kuwa bai cika 63 ba. Tazarar ba ta kai faɗin babban yatsa ba, amma doguwar tsirkiya sai an ƙara ɗaure ta kafin ta kai sautin da ake so, saboda haka ta fi tauri a ƙarƙashin yatsa. Ga shi kuma Martin ya saba fitar da D-28 da tsirkiya mai ɗan kauri, Gibson da mai sauƙi. Mai kiɗan minti goma a kanti ba zai ji komai ba. Mai kiɗan biki daga bayan isha'i har asuba zai ji a gaɓoɓinsa.

To, wace ce ta dace da kiɗanmu? A nan zan faɗi ra'ayina, wanda ya ga dama ya musa. Kiɗan gita da ya fitar da sunan Nijar waje shi ne wanda ya taso daga Arewa, daga hannun su marigayi Abdallah Oumbadougou, ya bi ta kan Bombino, wanda faifansa Deran na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa cikin takarar kyautar Grammy, har zuwa Mdou Moctar na jihar Tawa da matan Illighadad. Duk wanda ya saurare su ya san ba share tsirkiya shida ake yi gaba ɗaya ba. Babban yatsa na riƙe da tsirkiya guda tana gurnani ba fasawa, manuni na ta tsince sautuka ɗaya-ɗaya da sauri, kamar yadda mai gurmi ke yi. Irin wannan kiɗa yana son gitar da ke amsawa nan take ta yi shiru. Dogon amon D-28, wanda shi ne abin alfaharinta, a nan yana iya zama kamar mutum biyu na magana lokaci guda: gurnanin ƙasa ya taru ya lulluɓe ƴan sautukan sama. Ga mai wannan salo, da mai waƙa da ke son a ji baitinsa, J-45 zan nuna masa. Ƙari kuma, wadda aka fi sayarwa tana zuwa da ɗan mikro a cikinta, sai dai a soka waya a haɗa da ampili, alhali D-28 ta asali ba ta da shi sai an biya an sa. Wanda kuwa ke kiɗa cikin taro, ga kalangu ga ƙwarya ga tafi, ba kuma lantarki, shi ne zai gode ma ƙarfin D-28.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa tsadar kaya ce ta yi waɗannan makaɗa. Mdou Moctar da kansa ya sassaƙa gitarsa ta farko, tsirkiyarta wayar birkin keke. Hannu ya riga kaya zuwa.

Alƙalin da ba a gayyata ba

Duk abin da aka faɗa a sama, gardama ce da ake yi a Amurka da Turai, kuma a can tana iya ƙarewa a nan. A wurinmu akwai alƙali na uku da masu kanti a Faris ba za su ambata maka ba, domin ba su san shi ba: hunturu.

Katako, ko ya shekara ɗari da sarewa, bai daina shan laimar iska yana kumbura, yana kuma fitar da ita yana tsukewa ba. Kowa ya ga ƙofar katako da ke ƙin rufuwa a watan Agusta, ta koma tana lilo a watan Fabrairu. Masana'antar Martin tana ba da shawarar a ajiye gita inda laimar iska take tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari, domin a cikin irin wannan iska aka harhaɗa ta. A Damagaram, Tawa ko Agadas, daga Disamba zuwa Maris, laima da rana takan faɗi ƙasa da kashi 20. Allon gaba mai faɗin santimita arba'in yana son ya tsuke, amma an manne gefunansa da gam, sandunan ciki kuma sun riƙe shi. Abin da ba ya iya tsukewa, tsagewa yake yi. Kafin a kai nan akwai alamu: fuskar da ke da ɗan tudu sai ta lotsa, tsirkiyoyi su sauko su dinga zuza bisa ƙarafan wuya, bakin ƙarafan su fito gefe suna yankar hannu domin katakon da ke riƙe da su ya ja baya. Wata safiya sai a buɗe akwati a tarar da tsaga daga jaki zuwa gindi. Da damina ta faɗi sai abin ya juya, katako ya sha ruwa, ciki ya kumbura, tsirkiya ta yi nisa da wuya har dannawa ta gagara. Wannan kai da komo kowace shekara shi ke kwance gam.

Abin ban haushi shi ne gita mai tsada ta fi mai araha saurin lalacewa a nan. Ƴar jika hamsin da ake yi da katakon da aka manna falle-falle, kowane falle ya gicciye ɗan'uwansa, ba ta cika motsi ba. Mai miliyan biyu allo guda ne tsantsa, an fere shi ya yi siriri domin ya yi murya, kuma siririn nan shi ne rauninsa. Takardar garanti ba ta ɗaukar tsagar da bushewa ta jawo, ko a Martin ko a Gibson, domin a wurinsu sakacin mai kaya ne.

Ko a nan akwai ɗan fifiko tsakanin biyun. Akaju na cikin itatuwan da ba su cika motsi da sauyin iska ba, shi ya sa ake yin wuyan gitoci da shi. Dangin kanya kuwa, duk da taurinsa, yana tsukewa ƙwarai, kuma shi ne a wuya da jakin D-28. Wannan ya ƙara ɗan nauyi a ma'aunin J-45. Amma fuskar duka biyun iri ɗaya ce, kuma fuska ce ke fara tsagewa, saboda haka kada wanda ya sayi Gibson ya saki jiki.

Maganin ba shi da tsada, sai dai yana son naciya irin ta mai kiwon doki. Gita ta kwana cikin akwatinta a rufe, ba a jingine ta da bango don baƙi su gani ba. A sa soso mai ɗanshi, wanda aka matse har ba ya ɗiga, cikin ɗan gwangwanin roba mai huji, a ajiye cikin akwatin, a riƙa duba shi kowane kwana biyu ko uku muddin ana hunturu. A sayi ɗan ma'aunin laima, kuɗinsa bai kai na tsirkiya saiti biyu ba. Na'urar sanyaya ɗaki ta gas ƙara busar da iska take yi. Wadda ke aiki da ruwa, irin da ake kafawa a taga lokacin bazara, ita ce abokiyar gita. Mota da aka rufe a rana a watan Afrilu tana iya sassauta gam cikin awa guda, jaki ya ɗago. Fentin da ke jikin gitocin nan biyu na tsohon yayi ne, mai laushi, maganin sauro da ake shafawa a hannu yana narkar da shi, turare mai barasa ma haka.

Takarda da jabu

Ɗan kasuwa zai so ya san abin da ke jiransa a iyaka. Katakon gita ya shiga harkar dokokin duniya tun da daɗewa. A 1992 yarjejeniyar CITES, mai kare dabbobi da itatuwan da ke neman ƙarewa, ta hana cinikin palisandar na Barazil, saboda haka tsohuwar D-28 ta kafin 1969, wadda masu tara kayan tarihi ke biya ninkin-ba-ninkin, ba ta ƙetare iyaka sai da takardar shaida. A 2017 aka sa dukan dangin palisandar cikin jerin, ciniki ya dagule, har zuwa ƙarshen 2019 da aka cire kayan kiɗan da aka riga aka ƙera, ban da na Barazil. Sabuwar gita ke nan ba ta da wannan matsala. Shi kansa Gibson ya ɗanɗana: ma'aikatan gwamnatin Amurka sun kai samame masana'antunsa a 2009 da 2011, a 2012 ya amince ya biya tarar dala dubu 300 a kan katakon da aka fitar daga Madagaska ba bisa ƙa'ida ba. Madobiyarmu ma ta shiga jerin a 2017, bayan da aka yi ta sare ta a Najeriya, Gana, Mali da Kazamansa ana lodawa zuwa Sin domin kujeru da gadaje. Dajin da ke ba mu murya mai daɗi ba shi da yawa, wannan ma yana cikin abin da ake biya.

Bayan kuɗin saye akwai na duwan da harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari, sai a sa su cikin lissafi tun farko. Kuma irin wannan kaya ba a jefa shi cikin kwantena tare da buhunan shinkafa ya yi wata biyu a tashar ruwa. A hannu ake riƙo shi, a sassauta tsirkiyoyi kafin a hau jirgi.

Sai jabu. A watan Nuwamba na 2024 ma'aikatan duwan na Amurka sun nuna gitoci sama da dubu uku masu ɗauke da sunan Gibson na ƙarya da suka kama a tashar ruwan Los Anjeles. In an yi ƙoƙarin shigar da su ƙasar da ake ƙera ta gaskiyar, ina ga kasuwannin da mu muke sari? Martin na buga lambar kowace gita a cikin cikinta, bisa guntun katakon da ke riƙe da wuya, ana leƙawa ta baki a gani. Gibson na buga tasa a bayan kai. Da lambar ana iya sanin shekarar ƙira. Amma mai jabu ma ya iya buga lamba, don haka rasit na kantin da kamfanin ya amince da shi ya fi kowace lamba. Wanda ya ce zai ba ka D-28 sabuwa a jika ɗari uku, ya riga ya gaya maka abin da yake sayarwa. A kuma lura, ba duk mai sunan Martin ce ta Nazarat ba: kamfanin yana da masana'anta a Meziko inda yake ƙera masu sauƙin kuɗi, kamar yadda Gibson ke da Epiphone, wanda ya saya a 1957, ana ƙera yawancin kayansa a Asiya. Waɗannan halal ne, ba jabu ba, kuma wasunsu da aka yi da katakon falle-falle sun fi iyayen gidansu jure ƙurar hanya.

Masu cewa gita irin wannan ajiya ce kamar fili ko zinariya suna da gaskiya rabi. A Faris ko Nashbil, D-28 ko J-45 da aka riƙe da kyau tana samun mai saye cikin mako, ba tare da faɗuwa mai yawa ba. A Yamai masu iya fitar da miliyan biyu don gita ana ƙirga su da yatsu, masu gyaran da za su ɗinke tsagar allo mai kaurin milimita uku ba tare da kashe muryarsa ba sun fi su ƙaranci. Wanda zai saya, ya shiga kantin da wanda zai kaɗa ta, a ba shi kujera, ya juya ma tambarin baya, ya kaɗa abin da ya saba kaɗawa a gida, da ƙarfin da ya saba, ya ɗora muryarsa a kai. Ko cikin J-45 goma da suka fito rana ɗaya ba a samun biyu masu murya ɗaya, domin ba daga reshe ɗaya aka yanko su ba, saboda haka wadda aka gwada ita za a sa a akwati, ba ƴar'uwarta da ke cikin kwali a sito ba. In kuma ana iya zaɓen lokacin tafiya, gara ta sauka ƙasar nan cikin damina, ta samu wata uku ko huɗu tana sabawa da iskarmu sannu a hankali kafin ƙurar Nuwamba ta taso.